Shafin Inna Sabuwa a Kundin Malama

Mai gadin makarantar ya riga ya miƙo biro, sai ya sake duban Inna Sabuwa tun daga silifas ɗinta har zuwa tsohon mayafinta, ya janye hannunsa. Ɗan gwangwanin tawada ya turo mata a maimakonsa.

"Dangwala a nan, Inna. Faɗi sunan, ni zan rubuta."

Ta dubi littafin baƙin, ta dubi biron. Magana ta zo mata har bakin leɓe, cewa ita ma fa ta iya, amma ta haɗiye, don ta san abin da zai biyo baya idan ya ce to bismilla. Ta danna babban yatsanta a tawadar, ta buga shi a takarda da ƙarfin da ya sa teburin ya motsa. Ta ce sunanta Sabuwa, daga Dandamisa, wajen Malama Mukarrama ta zo. Ya tambaya ko an san da zuwanta. Ta ce za a sani.

Laraba ce, ranar kasuwar Makarfi. Da hantsi ta shigo motar 'yan kasuwa, ƙafafunta a kan damin rake, wani buhun barkono yana sa ta atishawa tun daga gida har tasha. Hassana matar ɗanta ta bi ta har bakin hanya tana roƙonta ta haƙura, wai takarda ce kawai, ba ci ba ce ba sha ba. Inna Sabuwa ta ce mata ta koma ta duba tukunyarta, ba takarda ce ta fito da ita ba.

Wata tara ke nan da Malama Mukarrama ta fara zuwa Dandamisa duk Asabar da Lahadi. Malama ce a wannan makarantar 'yan mata, tana kuma karatun digiri na biyu a fannin koyarwa. Tun ranar farko ba ta ɓoye wa matan komai ba. Ta ce jami'a ta ɗora mata haɗa wani kundi, babban fayil da za ta tara shaidar aikinta a ciki: tsarin darasin da ta rubuta, hotunan aji, rubutun ɗalibai, da abin da ita kanta ta koya daga koyarwar. Da shi za a auna ta, da shi kuma za ta nemi ƙarin girma. Don haka ta buɗe ajin yaƙi da jahilci a zauren mai unguwa. Matan suka ce babu laifi, su samu karatu, ita ta samu kundi. Su ashirin da uku suka fara. Inna Sabuwa ce babbarsu, kuma ko ranar da aka yi ruwan da ya cinye hanyar rafi ba ta fasa zuwa ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi bikin ba da takardar shaida a ƙofar gidan mai unguwa. An shimfiɗa tabarmi, an yi zoɓo, an kira suna ɗaya bayan ɗaya ana guɗa. Inna Sabuwa ta ɗaura zanin da ba ta fito da shi sai da salla. Ta zauna tana gyara mayafi duk lokacin da Malama ta buɗe baki. Aka kira Hassana. Aka kira Naja'atu mai ƙosai, wadda har yau idan ta rubuta sunanta sai ka juya takardar sau biyu kafin ka gane ina ne sama. Aka shafa fatiha, aka naɗe tabarmi. Ba a kira Sabuwa ba.

Naja'atun ce ta kawo mata dalili da yamma, tana dariya ƙasa-ƙasa. Wai Malama ta ce wa mai unguwa rubutun da Inna ke yi a aji daban, wanda take kawowa daga gida daban, ke nan wani ne yake yi mata. Kafin Litinin maganar ta zaga gari. A bakin rijiya wata ta tambaye ta ko aljanin da ke yi mata aikin gida yana karɓar haya. Shekara sittin da bakwai Sabuwa ta yi a duniya, an kira ta mafaɗaciya, an kira ta mai baƙar magana, duk ta amsa, don haka take. Amma ba a taɓa kiranta maƙaryaciya ba sai da ta shiga makaranta.

Malama ta taɓa faɗa musu a aji cewa Larabar nan malaminta na jami'a zai zo duba kundin, su taya ta da addu'a. Inna Sabuwa ta riƙe ranar. Idan za ka kai ƙarar mutum, ka kai ta ranar da na sama da shi yake zaune.

Tana ratsa filin makarantar, hannunta na hagu yana cikin mayafi, inda ya saba zama. Abin da ba ta faɗa wa Hassana ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba, shi ne gaskiyar Malama rabi ce. Rubutun biyu ne, hannu biyu ne kuma suka yi shi. Sai dai duka hannayen nata ne.

Bahaguwa aka haife ta a Kurmin Kogi. Tana da shekara shida aka kai ta makarantar allo, ta ɗauki alƙalami da hagu, bulala ta sauka a kan yatsun. Kakarta ta ce a bar ta a gida sai hannun ya gyaru. Aka ɗaure shi da igiyar rama a ƙugunta daga safe zuwa magariba, damina guda cur. Ta koyi ci da dama, bayarwa da dama, karɓa da dama, kuma har gobe tana ganin wannan daidai ne, ita ma haka ta koya wa 'ya'yanta. Amma hannun bai gyaru ba, makarantar kuma ba ta koma ba. A gidan miji ta ga yadda wata dattijuwa ta ture kwanon tuwo saboda ta hango ta tana tuƙi da hagu. Daga ranar ta iya ɓoyo. Zare a allura, yankan kuɓewa, tsifar kai, duk sai ta juya wa ƙofa baya.

Da Malama ta raba fensir ranar farko, cewa ta yi kowa ta riƙe da hannun dama, har ta zagayo ta gyara wa Inna yatsu. To haka aka tafi. A aji dama ke rubutu, kamar kaza ta yi tono. A gida, bayan la'asar, idan Hassana ta tafi ɗiban ruwa, sai ta saki labule ta mayar da fensir inda yake so, haruffa su fito tsaf, a jere kamar kunyar da aka yi da igiya.

Ɗakin karatu aka nuna mata. Ta yi sallama sau ɗaya ta shiga, ba ta jira amsa ba.

Mutum biyu ne a gaban dogon tebur. Malama Mukarrama, cikin hijabi ruwan toka, tana tsaye tana buɗe shafi. Sai wani dattijo mai furfura a gemu, da tabarau a kan hanci, yana zaune yana rubutu a wata 'yar takarda. Tsakaninsu ga kundin, baƙi, kaurinsa ya kai bulo biyu, kowane shafi a cikin leda.

Fuskar Malama ta sauya. Ta zagayo da sauri ta rusuna ta gaishe ta, ta tambayi gida, ta tambayi su Hassana, ta tambayi gajiyar hanya, duk a numfashi ɗaya. Sannan ta rage murya ta ce Inna ta ɗan jira ta a baranda, yanzu za ta fito.

"Na jira ranar Asabar," in ji Inna Sabuwa. "Har aka naɗe tabarma ina jira."

Dattijon ya cire tabarau ya miƙe. Ya gaishe ta gaisuwa ta sosai, ya ce sunansa Abdulbaƙi, mutumin Kudan ne, shi ke duba aikin Malama. Ya jawo kujera da kansa. Inna Sabuwa ta so ta ƙi zama, don faɗa a tsaye ya fi daɗi, amma gwiwoyinta sun sha mota. Ta zauna, ta amsa gaisuwarsa yadda ya kamata, ta tambayi iyali da mutanen Kudan. Da aka gama wannan sai ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta rage ko ɗaya ba: wata taran, ruwan da ya cinye hanya, zanin salla, Naja'atu da ba ta san sama da ƙasan takarda ba, da aljanin bakin rijiya.

Malam Abdulbaƙi ya saurara har ta kai aya. Ya ce da Malama ta buɗe wajen.

Ashe wajen ma yana da alama, wata 'yar takarda ja da aka liƙa a gefe. Inna Sabuwa ta matso. Ga hotonta a zauren mai unguwa, ta duƙufa a kan littafi. A ƙasa ga shafuka biyu gefe da gefe, na aji da na gida. Ta kai yatsa ta taɓa gefen takardar ta cikin leda.

"Da reza kika yanke min littafi?"

Malama ta ce ai ta faɗa musu za ta ɗauki samfurin rubutu. Inna ta ce ta ji an ce za a ɗauka, ba ta ji an ce za a yanka ba. Littafin nan shi ne na farko da ta mallaka tun da aka haife ta.

Shafin da ke kallon wannan cike yake da rubutun inji, da Turanci. Ba ta jin Turanci, amma idonta ya tsinci abin da ya sani. Ga sunanta a layin farko. Ga shi a na huɗu. Ta bi da yatsa har ƙasa, tana tsintarsa kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

"Nan ni ce, nan ma ni ce. Me aka ce na yi har sau bakwai?"

Malama ta dubi malaminta. Shi kuwa ya ce ita ta rubuta, ita ya kamata ta fassara.

Malama ta fara fassarawa. A shafin ta rubuta cewa wannan ɗaliba ta koya mata babban darasi. Cewa manya, saboda kunya da son a yabe su, sukan sa wani ya yi musu aikin gida. Cewa ta gano haka ne ta hanyar gwada rubutun biyu, don haruffan gida sun karkata wani gefe daban, kuma ba su da rawar hannu. Cewa malami ya zama mai sa ido, kada tausayi ya sa ya ba da shaidar da ba a cancanta ba. A gefen shafin akwai ɗan rubutu da jan biro. Inna ta tambayi wannan fa. Malam Abdulbaƙi ya ce nasa ne, ɗazu ya rubuta. Yabo ne. Ya ce a duk kundin babu shafin da ya burge shi kamar wannan.

"To ku biyu ne ke nan," in ji ta.

Malama Mukarrama ba ta yi shiru ba, kuma wannan ya ɗan ba Inna mamaki. Idonta ya kawo ruwa, amma ta tsaya a kan maganarta. Ta ce ba ta yi don wulaƙanci ba. Ta ce Inna ta tuna, a wata na biyar ta kira ta gefe ta tambaye ta wa ke taya ta, ta ce babu. Ta ba ta fensir ta ce ta sake rubuta layi ɗaya daga aikin gidan a gabanta, abin da ya fito ko kusa bai yi kama ba. Ta sake gwada ta a wata na bakwai, haka. Har gida ta bi Hassana da tambaya, ta ga rubutun Hassana bai kai wannan kyau ba. Ta ce shekara biyu tana haɗa kundin nan, da kuɗin motarta, da Asabar ɗinta da Lahadinta, ta bar jaririnta wajen uwarta. Idan ta sa hannu a takardar da ba ta yarda da ita ba, me ya rage a cikinsa?

"Inna, ki faɗa min abin da ya kamata in yi tunani. Abin da na gani na rubuta."

Inna Sabuwa ta kalle ta. Tun daga Dandamisa take tanadin maganganu, masu zafi, waɗanda za su sa yarinyar nan ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ba ta tanadi amsar wannan ba. Ita a lissafinta za ta yi faɗa, ta yi rantsuwa, babba ya ce a ba ta takardarta, shi ke nan. Ta ce ta rantse da Allah babu wanda ya taɓa riƙe mata fensir.

Malam Abdulbaƙi ya ce ya yarda da rantsuwarta, shi a karan kansa. Amma abin da ke rubuce ba ya goguwa da abin da ke zuciyarsa. Ya yago farar takarda daga littafinsa, ya ajiye a gabanta, ya ɗora bironsa a kai. Ya ce ta rubuta duk abin da ta ga dama.

Dama ce ta fita ta ɗauka, don ita aka saba aikawa. Biron ya tsaya a tsakanin yatsun kamar muciya a hannun jariri. Ta san abin da zai fito. Ta ajiye.

"Ku juya baya."

Malama ta fara juyawa. Dattijon bai motsa ba.

"Inna, in na juya, wa zai ce ya gani?"

"Ba ga takardar ba? Daga ni sai ku a ɗakin nan. Ko aljanin ne zai shigo ta taga?"

Ya yi murmushi kaɗan. Ya ce takardar za ta nuna an yi rubutu, amma ba za ta nuna abin da Malama ta kasa gani wata tara ba, kuma shi yanzu wannan yake son sani. In ba ta so, ba dole. Zai sa a ba ta takardar shaidarta a kan rantsuwarta, don girmanta.

Don girmanta. Wato sadaka. Wato a miƙa mata takarda a bayan ƙofa, Naja'atu ta ce ai tsohuwa ta je ta yi musu kuka ne suka ba ta. Shafin nan kuma ya zauna a cikin ledarsa, ya tafi jami'a, mutanen da ba su taɓa ganinta ba su karanta sunanta sau bakwai.

Ta miƙe tsaye. Ta gyara mayafi kamar mai shirin fita, har ta dubi ƙofa. A waje 'yan mata suna maimaita wani karatu da ƙarfi, muryoyinsu na tashi tare suna sauka tare. Ta ji wurin da igiyar rama ta taɓa ci a wuyan hannunta yana ƙaiƙayi, alhali tabon ma ya ɓace tun kafin a haifi uwar Malama. Kakarta ta rasu. Malamin allon ya rasu. Dattijuwar da ta ture tuwo ta rasu. Duk sun tafi sun bar ta tana gadin ƙofar da babu kowa a bayanta. Abin ya ba ta haushi fiye da duk abin da aka yi mata ranar Asabar.

Ta koma ta zauna. Ta fito da hagu daga cikin mayafi, ta karkata takardar yadda take yi a ɗakinta, ta ɗauki biron.

Ba ta dubi kowa ba. Haruffan suka biyo juna a natse. Babu abin da ake ji sai tafiyar biro. Ta rubuta layi ɗaya, ta rubuta na biyu, ta sa ɗigo a ƙarshe yadda Malama ta koya musu. Ta tura takardar tsakiyar tebur.

Malam Abdulbaƙi ya mayar da tabarau ya karanta a fili. "Ni ce Sabuwa. Ban yi ƙarya ba." Ya ɗora takardar kusa da shafin aikin gida. Ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne.

Malama Mukarrama ba takardar take kallo ba, hannun take kallo. Can sai ta jawo kundin ta fara buɗe shafuka baya, da sauri, leda na ƙara. Ta tsaya a wani hoto, ta wuce, ta tsaya a wani. A kowanne ga Inna Sabuwa a layin gaba, kafaɗarta ta hagu a maƙale, hannun a cikin mayafi ko a ƙarƙashin cinya. A wani hoton da aka ɗauka ba ta sani ba, ta miƙa hannu za ta tare fensirin da ya gangaro daga benci, da hagu, gefen tafin baƙi ƙirin da gogar fensir. Malama ta daɗe a kan wannan. Sannan ta koma can farkon kundin, tsarin darasin ranar farko, ta sa yatsa a wani layi ta karanta wa kanta, ta fassara ba tare da an ce ta fassara ba: malama za ta tabbatar kowace ɗaliba ta riƙe fensir da hannun dama.

"Ni na ɗauki hotunan nan duka," ta ce a hankali. "Ni na wanke su, ni na liƙa." Ta ɗago. "Inna, me ya hana ki faɗa min?"

"Me ya hana ki tambaya? Kin ce wa ke taya ni. Ba ki ce da me nake yi ba." Sai Inna ta ƙara, don ba ta iya rabin gaskiya ko a kan kanta. "Ko kin tambaya ma, ban san ko zan faɗa ba."

Malama ta zare shafin Turancin daga ledarsa, ta kama shi da hannu biyu za ta yaga. Malam Abdulbaƙi ya ce ta dakata. Ya ce jan bironsa ma yana kai, in za a yaga don kunya to tasa ta fi yawa. Ya ce ta bar shi inda yake, ta cire sunan baiwar Allah daga ciki, ta rubuta wani shafin a bayansa. Ba zai sa hannu a kundin yau ba, sai ya dawo bayan sati uku. Malama ta ce sati uku zai sa ta rasa zaman tantancewar wannan zangon. Ya ce ya sani.

Inna Sabuwa ta dubi yarinyar. Ta zo ne don ta ga an ƙona mata rai, ga shi an ƙona, amma daɗin da ta yi zato bai zo ba. Yarinyar nan ce dai ta nuna mata yadda ake haɗa harafi da harafi su zama sunan mutum. Ta kawar da kai. Ta ce su dai suka san yaga da liƙi, wannan ba matsalarta ba ce. Ita abin da ta sani, a ƙofar gidan mai unguwa aka tsallake ta, a can za a kira ta. Da tabarmi, da matan nan duka, da Naja'atu a layin gaba.

Malama ta ce ta yarda, Asabar mai zuwa. Za ta tsaya a gabansu ta ce ta yi kuskure. Sannan ta dubi Inna.

"Amma za su tambaya wa ya yi rubutun. Me zan ce musu?"

Wannan ma Inna ba ta tanade shi ba. Ta ga bakin rijiya, ta ga Naja'atu tana dafa ƙirji, ta ji sunan da za a liƙa mata har kabari. Ta kuma tuna Fatsuma matar mai gyaran keke, wadda ta daina zuwa aji a sati na uku wai ciwon kai. Inna ta taɓa ganin yadda take ɗaure bakin buhu, ta gane ita ma bahaguwa ce, ta yi shiru, ita ma Fatsuman ta gane an gane.

"Ba ke za ki ce ba. Ki zo da allo da alli."

Malama ta gyaɗa kai. Ta kai hannu wajen farar takardar da ke tsakiyar tebur, ta ce ko Inna za ta yarda ta sa wannan a kundin, a sabon shafin. Wannan karon tambaya take yi.

Inna Sabuwa ta riga ta ɗauke. Ta ninke ta biyu, ta ninke huɗu, ta ƙulle a bakin zani.

"Wannan tawa ce. Ke ma kin iya rubutu, rubuta taki. Kuma shafukan da kika yanke ki zo min da su."

Ta yi wa Malam Abdulbaƙi sallama, ta ce ya gaida mutanen Kudan. Malama ta raka ta har baranda, tana son ta ce wani abu, Inna ta ce ta koma, baƙonta na jira.

A bakin ƙofa mai gadi yana zaune a kan benci yana fere rake, rediyo na magana a gefensa. Ya ce sai ta sake dangwalawa, na fita. Da gwiwar hannu ya turo gwangwanin tawadar.

Ta ture shi gefe. Ta jawo littafin, ta nemo layin da yatsanta ya ɓata da safe. Biron na ɗaure da zare a jikin teburin. Ta dubi bakin hanya. Ga masu wucewa zuwa kasuwa, ga 'yan acaɓa a gindin bishiya, fili ne ko'ina. Ta fito da hagu ta ɗauka, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, ta ƙara da Dandamisa ko da ba a tambaya ba. Ta ajiye biron ta jira abin da zai ce.

Ko ɗagowa bai yi ba. Kansa na kan rakensa, yana neman gaɓar da zai sara.

Inna Sabuwa ta tsaya tana kallonsa. Shekara sittin da ɗaya tana ɓoyon hannun nan. Ta buga tafin hannunta a kan littafin har ɓawon rake ya zube ƙasa.

"Kai, ɗago ka duba."